Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yadda na shirya wa masu duba gidan raino

Da an idar da sallar asuba ake fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta farko kullum ita ce mai koko da ƙosai ta bakin tasha, goye da jaririnta, tana sauri kar masu shiga motar farko su wuce ta. Kafin ƙarfe bakwai sauran duk sun iso: biyu masu shago a kasuwar Kejetiya, ɗaya mai kasa tumatir da albasa, ɗaya tela, sai wata yarinya 'yar arewacin Gana mai dakon kaya, irin waɗanda ake kira kayayo. Kowace ta kwance goyo, ta miƙo jaka, ta ce, "Mma, ga amana," ta juya. Iyaye shida, yara tara, uku daga ciki ko shekara ba su cika ba. Haka nake wuni da su a ciki da falo da baranda, a gidan haya na tarayya, a zangon Kumasi, har zuwa magariba.

Ni mutuniyar Madawa ce, a jihar Tawa ta Nijar. Albasa ce ta kawo mu Gana. Maigida yana ɗauko ta daga Galmi, ya ratso Burkina, ya shigo ta Paga ya sauke a Kumasi. Ban taɓa zama na ce zan buɗe gidan raino ba. Maƙwabciya ce ta fara bar mini ɗanta "na awa biyu kawai", awa biyu ta zama wuni, wuni ya zama wata. Bayan gobarar da ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetiya a watan Maris na 2023, mata da dama suka daina yarda su kwantar da yaro a ƙarƙashin tebur suna ciniki. Wannan ta faɗa wa waccan, sai ga ɗakina ya cika. Kowace tana ba ni abin da ya sauwaƙa a ƙarshen mako, wata a hannu, wata ta momo. Da kuɗin nake zubin adashi, nake saya wa 'yata littattafan makaranta.

A ganina taimakon juna muke yi, irin wanda iyayenmu suka saba. Ashe a idon hukuma wani suna gare shi.

Takardar da ta tayar mana da hankali

Wata Laraba Magajiyar unguwarmu ta aiko a kira ni. Na same ta a kan darduma da carbi a hannu. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗiyata, kin ji abin da ya sami baiwar Allah nan ta bayan masallaci? An kai mata takarda. An ce ba ta da izinin tara yara, an ba ta kwana 14 ta rufe. Ke ma yara nawa ne a wurinki?"

Na ce tara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, gara ki je da ƙafarki kafin a zo miki."

Daga baya ne 'yata, wadda ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ta karanta mini abin da doka ta ce, tana fassarawa. Dokar Yara ta Gana ta 1998, mai lamba 560, ita ta ɗora wa Sashen Jin Daɗin Jama'a, wanda kowa a nan ke kira Soshal Walfiya, alhakin wuraren rainon yara na rana. Mai son riƙe irin wannan wuri zai nemi izini a wurinsu. Za su zo su duba, in wurin ya cika sharaɗi su ba da takarda. Bayan nan ma dokar ta ce a riƙa duba wurin da littattafansa aƙalla sau ɗaya a kowane wata 6. In aka tarar ba a riƙe yaran yadda ya kamata, za a dakatar da izinin, a ba mutum wa'adi ya gyara, in bai gyara ba a soke. Wurin da ke aiki babu izini kuwa, sanarwar kwana 14 ce, sai rufewa. Kowace majalisar ƙaramar hukuma, wato Asambili, tana iya ƙara nata ƙa'idojin a kai.

Kwana 14 ɗin nan shi ya fi tsorata tsofaffinmu. Akwai wata Iya a gidanmu, tana yarinya a 1969 lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Ta ga yadda aka loda mutane a manyan motoci, aka bar gidaje da rumfuna. Da ta ji zan je ofis, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke 'yar nan, ba a kai wa kura ziyara. Ranar da za su zo ki raba yaran ɗaki-ɗaki, ki bar biyu, ki ce jikokinki ne. Mu duk za mu shaida." Wata kuma ta ce in dai tanadi ambulan, shi ke nan magana ta ƙare. Ga shi tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda a gida muke kira CEDEAO, a watan Janairun 2025, duk wata maganar ofis sai ta sa gaban mutanenmu ya faɗi, ko da kuwa ba ta shafi shige da fice ba.

Da daddare na kai wa maigida maganar. Ya gama cin tuwonsa, ya wanke hannu, ya ce, "Uwargida, daga Galmi zuwa nan shinge nawa nake wucewa? Wanda takardarsa ta cika shi ke barci a mota. Wanda ta gaza, ko tsuntsu ya gifta sai ya zabura. In kin ɓoye yara yau, wata shida masu zuwa fa? Kuma in wani abu ya sami ɗan mutane a hannunki, Allah Ya kiyaye, wa zai shaida miki?"

Ban ba shi amsa ba, don akwai abin da bai sani ba. Zan zo kansa.

Kafin in taka ofishin, sai da muka duba takardunmu na zama da katinmu na baƙi, muka tabbatar ba wanda wa'adinsa ya ƙare. Sannan na ɗauki 'yata muka tafi. Jami'ar da muka samu Ba'ashantiya ce, ta haɗa Turanci da Tuwi, ni kuma Tuwina na kasuwa ne, sai 'yata ta tsaya a tsakani. Na ce mata ni ba makaranta gare ni ba, ɗakina ne kawai. Ta ce, "Hajiya, in kina karɓar yaran mutane kullum, kina wuni da su, to mu aikinmu ne mu ga inda suke kwana da abin da suke ci." Ta ba ni fom da jerin abubuwan da zan tanada, ta ce za su zo cikin makonni uku, amma ba ta faɗi ranar ba.

Na durƙusa na yi rarrafe

Shawarar da ta fi yi mini amfani daga bakin wata nas na ji ta, a wurin awon yara. Ta ce, "Mma, ki durƙusa ki zagaya gidanki da gwiwa, ki ga abin da mai rarrafe yake gani." Na yi dariya, amma da yaran suka watse na gwada. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

A ƙarƙashin gado akwai kafur da na zuba cikin kayan sanyi, fari tas kamar alewa. A bayan ƙofa ga kwalbar lemo da kananzir a ciki, wadda nake hura gawayi da ita. Yaron da ya san kwalbar lemo ba zai tsaya shinshinawa ba. Soket biyu a buɗe, daidai tsayin yatsa. Wayar fanka tana lilo. A gindin kabad ga maganin ɓera da maigida ya ajiye tun bara, mun manta da shi. A cikin wani kwano na tsinci ƙaramin batirin agogo, mai kama da maɓalli, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

A tsakar gida kuwa abin ya fi haka, domin gidan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ɗakuna goma sha ɗaya ne, kowa da kurfotinsa a bakin ƙofa, kowa da bokitinsa da baho cike da ruwa saboda famfo ba kullum yake kawowa ba. Ga kwata a buɗe ta ratsa ta bakin zaure.

Na fara da nawa. Kananzir, bilic, maganin ɓera da duk magungunanmu na sha suka koma cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a saman kabad. Mai gyaran wuta ya rufe soket, ya ɗaure wayoyi a bango. Kafinta ya yi mini ɗan ƙyaure na katako a bakin baranda, mai sakata daga waje, tsayinsa ya kai ƙugun babba. Tukunyar gas na fitar da ita daga ɗaki gaba ɗaya, girki ya koma wajen ƙyauren. Na sayi duro mai murfi, na daina barin ruwa a buɗe ko na alwala ne.

Na maƙwabta shi ne mai wuya. Ba ka ce wa matar da ta girme ka ta rufe bokitinta haka kawai. Sai na bi ta hannun Iya, ita da ta so in ɓoye yaran. Na ce, "Iya, ke ce babba a gidan nan, in kin faɗa za a ji." Ta zagaya ɗaki-ɗaki da kanta. Mai gidan haya kuma ya yarda a rufe kwatar da sulab, da sharaɗin ni zan biya rabi. Na ɗauki kwasar adashina ta watan na zuba a ciki.

Abin da na ɓoye

Cikin jerin da jami'ar ta ba ni akwai littattafai: na sunayen yara da iyayensu, na shigowa da fita, da na rubuta duk abin da ya sami yaro, ko faɗuwa ce ko zazzaɓi. 'Yata ta ja layi a littattafan makaranta guda uku. Da ta zo kan na ukun ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Mma, na ranar nan za mu rubuta?"

Wata biyu kafin nan, ina cikin ɗaki ina canza wa jariri famfas, ɗan mai tumatir, mai shekara ɗaya da wata huɗu, ya sulale baranda. Akwai bokitin wanki da ruwa bai kai rabi ba. Ya leƙa, kansa ya rinjaye shi, ya kifa ciki, ƙafafu a sama. Ko ƙara bai yi ba. Allah ne Ya kawo 'yata daga makaranta a daidai lokacin, ta fizgo shi. Ya yi tari, ya yi kuka, ya dawo daidai. Na canza masa riga, na goya shi har ya yi barci. Da uwar ta zo na ce mata ruwa ya zuba a jikinsa. Ban faɗa wa maigida ba, na kuma hana 'yata faɗa.

Tun ranar ba na barci sosai. Yanzu ga littafi a gabana, ga yarinya tana jiran ta ga abin da uwarta za ta yi. Na ce ta rubuta, da ranar da lokacin.

Washegari da yamma na tsayar da uwar yaron. Na ce, "Ƙanwata, zauna, ina da magana." Na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, ta ƙanƙame ɗanta. Sannan ta ce, "Yaya, da ya mutu fa? Me za ki ce mini, ruwa ya zuba?" Ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu. Kwana huɗu ba ta kawo shi ba. Na ji an ce tana zuwa da shi kasuwa, tana ɗaure masa ƙafa da zane a jikin tebur. A rana ta biyar ta dawo. Ta tsaya ta dubi ƙyauren, ta taɓa murfin duron, ta ce, "Na dawo ne don kin faɗa. In kin sake ɓoye mini ko ƙwarzane ne, mun rabu." Na ce na ji, kuma ta yi gaskiya.

'Yan uwa mata masu riƙon yara, ku ji wannan da kyau: yaro ƙarami yana nutsewa a ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba, kuma ba ya ihu. Kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya kifa ba ya iya ɗagowa. Kuma ko an ciro shi ya farfaɗo, a kai shi asibiti a duba. Ni ban kai ba, kuskure na biyu ke nan.

Katin awo da lambar waya

Tara takardun yaran ya ci mini mako guda. Na roƙi kowace uwa ta kawo littafin awo, wanda ake bayarwa tun daga awon ciki, da takardar haihuwa, da katin inshorar lafiya ta NHIS, muka yi hoton kowanne na adana a jakar roba. A nan ne abubuwa suka fito. Yara biyu ba su da takardar haihuwa, alhali a Gana kyauta ake yin rajistar kafin yaro ya cika shekara ɗaya. Ɗan yarinyar nan mai dako an yi masa allurar sati 6 da ta sati 10, daga nan shiru, babu ta sati 14, babu ta ƙyanda da shawara da ake yi a wata 9. Ba ƙin yi ta yi ba. Ranar awo ranar aiki ce, in ta tsaya layi ta rasa abincin ranar. Sai muka yi yarjejeniya: ta sa hannu a takarda cewa ta yarda, ni nake kai shi. Yanzu ina da kalanda a bango, kowane yaro da ranar awonsa, da ta allurar wata 18, da ta ɗigon bitamin A da ake ba su duk wata 6.

A littafin farko mun rubuta sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa, lambar uwa, lambar wani na biyu in ba a same ta ba, layi da lambar rumfarta a kasuwa, abincin da jikinsa ba ya so, da sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. Wannan na ƙarshen ya jawo mini 'yar rigima. Mun saba a aiko almajiri ko yaron maƙwabta a ce, "An ce ki ba da wane." Na ce daga yau sai wanda sunansa ke littafi, ko uwa ta kira ni da bakinta. Wasu suka ce na fara girman kai irin na 'yan boko. Na haƙura da maganar.

Ni kaina an ce in je a gwada lafiyata, irin gwajin da ake yi wa masu sayar da abinci, tunda ni ke dafa wa yaran. Na je, na karɓo takardar. Na kuma sa 'yata ta ciro mini adireshin gidan na GhanaPostGPS, muka rubuta shi da manyan baƙaƙe a bango tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, don in rikici ya taso kar in tsaya kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai nika".

Ci, sha da barci

Da, kwano ɗaya nake zuba wa manyan, su kewaye shi, kofi ɗaya kuma yana yawo. Yanzu kowa da kofinsa da cokalinsa, na ɗaura musu zare kala-kala don ganewa. Na sayi bokitin Veronica, mai famfo a gindi da roba a ƙasa, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro. Na ɗora shi a wajen ƙyaure, da sabulu a gefe. Wanke hannu kafin ci, bayan fo, bayan canza famfas. Fo uku na saya, ana wanke su da bilic a shanya a rana, nesa da wurin girki.

Na rubuta abincin mako a takarda: koko da safe, da rana shinkafa da wake ko tuwo da miyar ayoyo, ko faten doya da kifi, da yamma ayaba ko lemo. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri na hana su shiga barandar, saboda shaƙewa. Zuma kuma ba a ba wanda bai shekara ba, ko da kaka ce ta aiko. Nas ɗin nan ta koya mini da 'yar tsana yadda ake yi in abu ya maƙale wa jariri: a kifa shi a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗu sau biyar, in bai fito ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar.

A akwatin taimakon gaggawa na sa ma'aunin zafin jiki, bandeji, filasta, auduga, safar hannu, da gishirin ORS na gudawa. Na daina ba yaro kowane magani da ra'ayina. In jikinsa ya yi zafi, in auna, in rubuta, in kira uwa, a je a yi gwajin maleriya.

Jarirai kuwa a rigingine ake kwantar da su, a kan shimfiɗa mai tauri, babu filo, babu tarin zannuwa, cikin gidan sauro. Na san iyayenmu da yawa a kife suke kwantarwa, wai don kar yaro ya firgita. Likitoci sun tabbatar rigingine ya fi tsare numfashin jariri, don haka a ɗakina haka ake yi. Na sayi ƙaramar tukunyar kashe gobara, mai sayarwar ya nuna mini yadda ake zare fil ɗin, na ajiye bokitin yashi kuma a gefen kurfoti.

Ranar da suka zo

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma da rabi, lokacin da gidan ya fi hargitsewa. Ɗaya yana kan fo, biyu suna faɗa a kan gwangwani, jaririyar tela tana tsala kuka. Sai na ji sallama. Jami'ar ce, tare da wani jami'in tsafta, irin waɗanda a gida muke kira duba-gari, a nan kuma tankas. Iya ta leƙo ta taga tana yi mini alama da ido, wai har yanzu da sauran dama. Na kau da kai.

Na ce, "Madam, sannunku da zuwa, ku shigo." Na kawo ruwa, suka ce sun gode. Jami'ar ba ta fara da takarda ba. Ta nemi kujera ta zauna a gefe kusan minti ashirin tana kallo kawai: yadda na raba faɗan, ko na wanke hannu bayan fo, ko yaran suna zuwa jikina ko suna tsorona. Shi kuma tankas ya buɗe duro, ya leƙa bayi, ya duba kwata, ya tambayi inda nake zubar da famfas.

Sannan ta ƙirga yaran, ta buɗe littafin shigowa ta ƙirga sunaye. Tara da tara. A nan na gode wa Allah da ban bi shawarar ɓoyo ba, don ta ɗaga kai ta dubi kofuna tara da ke rataye a bango. Da na ce mata biyu ne, kofunan kaɗai sun isa su tona ni.

Ta buɗe littafi na uku. Ta karanta labarin bokiti, ta sake karantawa. Ta ce, "Uwar ta sani?" Na ce ta sani, ga lambarta. Ta kira ta a gabana, suka yi magana da Tuwi. Da ta kashe wayar ta ce in nuna mata inda bokitin yake a da, da inda ruwa yake yanzu. Na nuna. Ta rubuta wani abu mai tsawo.

Daga nan ta yi mini tambayar da ban shirya mata ba. Ta ce, "Hajiya, a ce wuta ta tashi a ɗakin can yanzu. Ke kaɗai ce babba. Jarirai uku, hannu biyu. Wa za ki bari?"

Na buɗe baki, na rasa abin faɗa. Na ce zan goya ɗaya, in rungumi biyu. Ta ce, "Sauran shidan fa, wa zai buɗe musu ƙyaure? In kuma ke ce kika faɗi?"

Ba ta rufe ni ba, ba ta kuma ba ni takarda a ranar ba. Ta ba ni wa'adin wata guda a kan abu uku. In samo babbar mace da za ta riƙa wuni tare da ni, ita ma da gwajin lafiyarta, ko kuwa in rage yara. In sa raga a tagar ɗakin barci. In kuma samar wa yaran abin wasa da lokacin wasa, don ta ce raino bai tsaya a ci da barci ba, yaro yana bukatar a yi masa magana, a yi masa waƙa, ya taɓa, ya jera, ya rushe. Maganar ambulan kuwa ko kusa ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

Abin da ya biyo baya

Raga da kayan wasa ba su ba ni wahala ba. Gwangwanayen madara da aka lanƙwashe bakinsu, murafun roba manya, ƙyallayen da tela ta ɗinka mana 'yan tsana da su, da tabarma ta musamman don tatsuniya bayan azahar. Mataimakiya ce ta zame mini aiki, don sai an biya ta. Na tara iyayen ranar Lahadi na buɗe musu lissafi: ga abin da ke shigowa, ga na abinci, ga na gawayi da ruwa da sabulu. Ko dai a ƙara kuɗi, ko in sallami jarirai biyu. Kowa ya san wadda ƙarin zai fara kayarwa, yarinyar nan mai dako ce. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta.

Mai tumatir ce ta fara magana, ita da na ɓata wa rai. Ta ce masu shago su ɗauki kaso mafi girma, a bar wa yarinyar nata yadda yake. Aka ɗan yi ja-in-ja, ɗaya daga cikin masu shagon ta ce ita ba za ta iya ba, ta janye 'ya'yanta biyu ta kai su wurin kakarsu. Na ji zafin rabuwa da su, tun suna zaman fari nake riƙe da su. Babban cikin sauran ma ya kusa cika shekara 4, zai shiga KG a makarantar gwamnati in an koma. Wata bazawara a layinmu ta karɓi aikin, tana zuwa daga bakwai zuwa biyar.

Da jami'ar ta dawo ta tarar da yara bakwai da manya biyu. Bayan na biya kuɗin izini a ofis aka ba ni rasit, takardar ta fito. Tana nan a bango cikin firam, kusa da kalandar awo. Iya da kanta take nuna wa baƙi ita, kamar ita ta ce in je.

Ga 'yar uwar da ke riƙon yaran mutane a Kumasi, ko Nima, ko wani zangon, ga abin da zan ce. Ki je ofishin da ke kula da yankinki ki tambayi abin da suke nema, don sharuɗɗan wata Asambili suna iya bambanta da na wata, balle wata ƙasa. Ki tafi da wanda ke jin harshensu, ki gyara takardunki na zama kafin ki je. Duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit. Kar ki ara kayan ado don ranar dubawa kaɗai, za su dawo, kuma yaro ba ya jiran ranar dubawa kafin ya kifa a bokiti. Iyaye kuma, in za ku bar ɗanku a hannun wata, ku shiga ciki ku duba da idonku, ku tambayi yara nawa ne, manya nawa ne, ina ruwa yake, ina wuta take. Wadda ta riƙe amana ba za ta ji haushin tambaya ba.

Wata shida sun kusa cika, ina sa ran sake jin sallamarsu kowace rana. Jiya da daddare na sake durƙusawa na zagaya ɗakin, na tsinci kwandala ɗaya a gindin kujera, na jefa ta a asusu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kai masu fatauci gida lafiya.